Fom ɗin Jami'a da Amanar Ɗalibai

Yau ma'aikacin jami'a da bai taɓa rubuta manhaja ba yana iya haɗa fom ɗin rajista da Drupal ko WordPress: ya saka gurbin suna, ya saka na lambar ɗalibi, ya danna, shi ke nan. Madalla.

Amma abin da ake tambaya shi ke damuna. Fom ɗin neman ɗakin kwana, ina ruwansa da addinin yarinya? Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ce a karɓi abin da ake buƙata kaɗai. Sannan, don Allah, a gwada fom ɗin a ƙaramar waya, inda sabis ke ɗaukewa, domin da ita ɗalibai da yawa ke cikewa.