Majalisar Masu Barin Giya



Shari'ar da Jihar Katsina ta ƙaddamar a 2000 ta hana giya, amma wanda giyar ta riga ta kama bai warke ba, ɓuya ya ƙara yi. A Akron ta Amurka, cikin 1935, mashaya biyu, Bill Wilson da Likita Bob Smith, suka gane mashayi ya fi sauraron wanda ya sha ya bari, suka kafa Alcoholics Anonymous bisa rufin asiri. Mu kuwa mun gaji zaman majalisa. Tubabbun Ƙofar 'Yandaka su riƙa zama duk mako, su nemi shawarar likita, domin yanke giya farat ɗaya kan jawo wa wanda ya daɗe yana sha jijjiga, har mutuwa.