Rajistar Aji da Sashe na 35



Mu da ke kiran suna kowace safiya a makarantun Takur, mu ne kan fara sanin gidan da aka shiga wani hali. A zangon da ya wuce wata yarinya 'yar aji huɗu ta yi kwana tara ba ta amsa sunanta ba. Da muka bi sawu, sai muka tarar an tsare mahaifinta ne a madadin yayanta da ake nema kan rigimar babur, ita kuwa an ɗora mata tallar gyaɗa don a haɗa abin da aka ce musu kuɗin beli ne. Muka jajanta, muka dawo. Abin da ke damunmu har yau shi ne babu ɗaya daga cikinmu da ya san cewa tsarewar kanta ta saɓa wa doka.

Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta haramta kama mutum a madadin wani, kamar yadda dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta riga ta yi. Uba ba jingina ba ne. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kamunsa a rubuce cikin sa'o'i 24, da harshen da yake ji, kuma yana da damar yin shiru har sai ya ga lauya. Idan akwai kotu a cikin tazarar kilomita 40, a kai shi gabanta cikin kwana ɗaya, sai dai in laifin da ake zarginsa da shi mai hukuncin kisa ne. To, daga Takur zuwa kotunan Dutse, ko a ƙafa mutum ya isa. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne, ko da yake mun san yadda wannan magana take zama idan mai buƙata talaka ne da bai iya karatun boko ba.

A nan ne matsayinmu ya shigo. Ba lauyoyi ba ne mu, kuma kada wani ya je ya ɗaga murya a gaban kanta. Amma mun iya karanta takarda, mun iya rubuta koke, muna kuma iya raka uwar yara zuwa Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976 domin wanda ba shi da kuɗin ɗaukar lauya. Jigawa ta samu dokarta ta kare yara a 2021. Yaron da ya bar aji saboda an tsare mai ciyar da shi yana cikin waɗanda ya kamata ta kare.

Don haka muke roƙon shugaban reshe ya gayyato mana lauya a zamanmu na gaba, mu ware masa sa'a guda, kowace makaranta kuma ta turo malami ɗaya da littafin rubutunsa.