Ƙwai a Baka: Romon Kaza da Ƙwai da Lemun Tsami

Kafin masu makullai su taso a buɗe akwati, ina roƙon ku ba ni ɗan lokaci. Yau ba maganar hannun jari ko rance na zo da ita ba, girki na zo mu yi. Amma za ku ga girkin nan ya shafi akwatinmu.

Bara da hunturu yayata da ke aure a Gwandu ta haihu na huɗu. Ta zubar da jini sosai, har sai da ta kwana biyu a asibiti. Da za a sallame ta, ma'aikaciyar jinya ta ce a kula da abincinta. To, muka dawo gida, tuwo ba ya wuce mata, farfesun da aka yi ya sha barkono yana ƙona mata ciki, kullum sai kunun kanwa. Nono ya ja baya, jariri yana ta kuka.

Ina zaune a tsakar gidan na ƙirga kaji bakwai suna kiwo. Na tambaye ta ina ƙwansu. Ta ce duk wanda ba a bar wa kaza ta kwanta a kai ba, yaro ke kai wa mai shayi, kuɗin ne take zubi da su a ƙungiyarsu kowane mako. Ku duba fa. Ta sayar da ƙwai ta sayi hannun jari, ga shi yanzu za ta ci rance daga akwatin don sayen maganin ƙarin jini. Na san ba ita kaɗai ba ce. A nan Kalgo ma, mu ɗaga hannu mu gani, wa ta ci ƙwai a makon nan? Wa ta ba yaronta? Kun gani ko.

Wannan tsari na akwati mai makullai uku daga maƙwabtanmu ya fito. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shi da matan karkara a yankin Maraɗi ta Nijar, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Dubarar ba ta tsaya ga tara kuɗi ba. Wadda ta kwanta ciwo ba ta iya sussuka, ba ta iya turara shinkafa, balle ta biya rance.

Romon da zan koya muku na mutanen ƙasar Girka ne, can a Turai, bakin tekun Bahar Rum. Lokacin da nake karatun difloma a Birnin Kebbi wata ƙawata ta nuna min shi a waya. Suna kiransa abgolemono. A harshensu abgo shi ne ƙwai, sauran sunan kuma lemo ne, kamar yadda muke faɗa. Suna yin sa da sanyi, suna ba marar lafiya. Ko daren da suke gama dogon azuminsu na Ista, da irin wannan haɗi na ƙwai da lemo suke kaɗa romon kayan cikin rago su buɗe baki. Abin da ya ja hankalina shi ne babu abu ɗaya a cikinsa da sai mun je birni. Kaza tana akurki. Shinkafa tamu ce, ta fadamar nan, wadda har Legas aka fara kaiwa a 2016 da sunan Lake Rice. Albasa kuwa, wa zai nuna wa Gwandu da Aliero albasa? Lemun tsami yana kowace kasuwa.

Ga abin da za a tanada don mutum 6: kaza 1, tsohuwar da ta daina ƙwai ko zakara ya fi ba da romo; ruwa lita 2 da rabi; albasa 2; citta da masoro kaɗan; gishiri; tsakin shinkafa gwangwanin madara 1; ƙwan kaza 3, in na zabi ne 4; lemun tsami 4 ko 5, gwargwadon ruwansa. Mutanen Girka da babban lemo suke yi, biyu kan ishe su, amma namu ƙanana ya yi daidai.

Da farko ki gwada ƙwanki. Ki sa shi a kwanon ruwa. Wanda ya nutse ya kwanta, mai kyau ne. Wanda ya taso sama baragurbi ne, ki yar. Ki fasa kowanne shi kaɗai a ƙaramin kwano kafin ki haɗa, kada guda ɗaya ya ɓata miki saura. Sannan ki wanke hannu da sabulu bayan kin gyara kaza, ki wanke wuƙa da faranti.

Ki ɗora kaza da ruwa da albasa da citta da masoro da gishiri. In ta tafasa ki kwashe kumfar da ta taso, ki rage itace, ki bar ta ta dahu a hankali. Kazar gida tana ɗaukar awa ɗaya da rabi, wata har biyu. In nama ya fara sakin ƙashi, ki tsame, ki tace romon, ki mayar da shi tukunya. Ki wanke tsakin shinkafa ki zuba, ki bar shi ya yi laushi sosai, wajen minti 20. Kafin nan kin yagi naman ƙanana-ƙanana kin cire ƙasusuwa.

Yanzu ku saurara da kyau, don a nan na sha kunya. Ranar da na fara yi wa yayata, na fasa ƙwai na juye kai tsaye cikin tukunya tana tafasa. Nan take ya dunƙule, ya yi gudaji kamar awara, ruwa gefe guda, ƙwai gefe guda. Innarmu ta leƙa ta ce, "Ke da kinka tahi boko, ƙwai ukku kinka ɓata muna!" Aka yi ta dariya. Yara dai sun cinye, amma ba shi ne abin da nake nema ba.

Dalili shi ne ƙwai yana fara daskarewa tun ruwa bai kai ga tafasa ba. In zafi ya same shi gaba ɗaya sai ya ƙanƙame. In kuwa aka saba masa da zafin kaɗan-kaɗan ana kaɗawa, sai ya bazu cikin romo ya ba shi kauri. Kun san yadda ake kaɗa kuka, hannu ɗaya na barbaɗawa ɗaya na juya maburgi don kada ta yi gudaji. To haka ne.

Ki janye itace, ki bar garwashi kaɗai, har tukunya ta daina ɓararraka. Ki fasa ƙwai a kwano mai zurfi, ki buga da maburgi har ya yi kumfa. Ki tace ruwan lemun tsami, kada 'ya'yan su shiga don suna sa ɗaci, ki zuba a ƙwan kina bugawa. Sai ki ɗebo romo mai zafi ludayi ɗaya, ki tsiyaya siriri cikin ƙwan, hannunki bai daina kaɗawa ba. Ki ƙara na biyu, na uku, na huɗu. In kin taɓa gindin kwanon kin ji ya yi zafi, ƙwan ya saba. Ki juye shi cikin tukunya kina motsawa, ki mayar da naman. Ki bar shi kan garwashi kamar minti 5 kina juyawa, yana tururi sosai amma bai tafasa ba, har ki ga ya yi kauri yana kama bayan ludayi kamar kunun gyaɗa marar kauri. Wannan minti biyar kada ki yi wasa da su, su ne ke dafa ƙwan. Ɗanyen ƙwai yana iya sa gudawa, musamman ga yara da masu ciki.

Ki ɗanɗana gishiri. Mai son yaji ta barbaɗa nata a kwanonta. A karo na biyu da na yi shi daidai, yayata ta sha kwano guda ta nemi ƙari. Ta ce tsamin ne ya buɗe mata baki.

Abin da ke cikin kwanon nan ba kaɗan ba ne. Ƙwai ɗaya yana da abin gina jiki wajen giram 6, ga naman kaza, ga shinkafa mai ba da ƙarfi. Lemun tsami yana da bitamin C, wanda ke taimaka wa jiki ya amfana da sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci, shi ne kuwa jiki ke bukata wajen yin jini. Amma ku ji ni da kyau, romo ba magani ba ne. Yayata ta sha maganin da aka rubuta mata har ya ƙare. Mai jegon da jini bai tsaya mata ba, ko zazzaɓi ya kama ta, ko ƙafafunta suka kumbura tana haki, asibiti za a kai ta a ranar. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. Ban ce a bar al'ada ba, Gwaggo, na ga kina harara ta. Cewa na yi a rage kanwa, a ƙara abinci.

Sai maganar yara. Da yawanmu mun taso muna jin cewa yaron da aka saba masa da ƙwai zai yi sata. Iyayenmu ba mugunta suka yi ba, ƙwai kuɗi ne, kuma kazar gobe ce, dole a tsare shi. Amma ƙwai ba ya koya wa yaro hali. Ma'aikatan lafiya sun ce nonon uwa zalla har wata 6, daga nan a fara ba yaro abinci ana ci gaba da nono, kuma dafaffen ƙwai yana cikin abin da ya kamata ya samu. In za ki ba ƙaramin yaro romon nan, ki ɗebi nasa ba yaji, gishiri kaɗan, ki murje shinkafar, ki duba da yatsa babu ƙashi.

Na san wata tana cewa a ranta, "Malama, kullum za mu yanka kaza?" A'a. Wuya da fukafukai da ƙafafu sun isa romon mutum biyu. Kifi ma ana yi da shi, mutanen Girka kansu suna yi, mu kuwa ga Argungu ga Yawuri. Da damina ƙwan zabi yana yin araha, lokacin ne za a yawaita. Kuma tunda ba mu da firji, ki kaɗa ƙwai a daidai abin da za a sha yanzu. Kada wanda aka kaɗa ya kwana. Sauran romon ki sake tafasa shi sosai kafin ki yi amfani da shi.

Ga lissafin da nake so mu yi tare. Kazar gida takan yi ƙwai 10 zuwa 15 kafin ta kwanta, tana ƙyanƙyashewa a kwana 21. In an tara mata da yawa ba ta iya rufe su duka, wasu su lalace. A ce ta yi 12. Ki bar mata 8, ki ɗauke 4 tun suna sababbi. Waɗannan huɗun, ko biyu ne a ci a gida. Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma duk wadda annobar hunturu ta taɓa share wa akurki ta san gaskiyar maganar.

Annobar nan likitocin dabbobi suna kiranta Niyukasul, kuma tana da riga-kafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana yin wani mai suna I-2, ɗigo ɗaya ake sa wa kaza a ido, a maimaita bayan wata 4. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma in an buɗe ta ba ta ajiyuwa, shi ya sa ya fi kyau a haɗa kai a yi rana guda. Kazar da ta mutu da ciwo ko take layi, ba ta shiga tukunya, a binne ta. In kuka ga suna zubewa da yawa a kai rahoto ofishin dabbobi, don murar tsuntsaye da ta shigo Najeriya a 2006 tana iya kama mutum.

Saboda haka na kawo shawara biyu, ku ne masu yankewa. Ta farko, mu wakilta mutum biyu su je ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma su tambayo kuɗin riga-kafin da ranar da za a iya zuwa, kafin sanyi ya shigo. Ta biyu, duk 'yar ƙungiyar da ta haihu, bayan abin da asusun taimako ya saba bayarwa, kowaccenmu ta kai mata ƙwai ɗaya a makon farko. Mu 25 ne. Ku lissafa kwana nawa za ta yi tana shan romo.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, ni zan kawo lemun tsami da albasa. Shugaba, ki taimaka ki nemo mana wadda za ta ba da tukunya da wadda za ta kawo tsaki. Za mu dafa a nan, kowa ta riƙe maburgi da hannunta, wadda ta ɓata kuma mu yi mata dariya kamar yadda aka yi min.

Masu makullai, bismillah.