Jawabi Kan Manufar Ilmi Bayan Mulkin Mallaka

Jama'a, duk wanda ya gina makaranta akwai irin mutumin da yake nufin ya fitar daga cikinta, ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Binciken wannan nufi shi masana ke kira falsafar ilmi. Ga ƙasar da ta fito daga hannun Turawan mulkin mallaka kuwa, binciken ya zama tilas, domin ta gāji makarantun da wasu suka tsara saboda bukatar kansu.

Bukatar tasu ba ɓoyayya ba ce. 'Yan mishan da suka buɗe makarantu a Badagry da Abeokuta cikin shekarun 1840 masu karanta Littafi Mai Tsarki suke nema. Gwamnati kuma akawuna da tafintoci take so. A Arewa, inda makarantun allo da na ilmi suka daɗe da kafuwa, Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, sa'an nan aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922 don horar da malamai. A 1925 gwamnatin Ingila ta fitar da takarda wadda ta ce a daidaita ilmi da halin zaman 'yan ƙasa. Maganar tana da daɗin ji, amma 'yan Afirka da yawa suka yi mata kallon tuhuma, suna ganin dabara ce ta a bar baƙar fata da fartanya, a hana shi ilmi mai zurfi. Tuhumar nan ba ta mutu ba, kuma ita ke sa uba ya ɗaure fuska in aka ce za a koya wa ɗansa sana'a ko a karantar da shi da harshen gida.

An sami mulkin kai a 1960, amma manhaja ba ta sake ba nan da nan. Sai a watan Satumba na 1969 aka yi babban taron manhaja na ƙasa a Ikko, wanda bai tsaya ga malamai kaɗai ba, har da iyaye da 'yan kasuwa da manoma da shugabannin addini. A 1973 wani taron ƙwararru a ƙarƙashin Cif Simeon Adebo ya tace shawarwarin, daga nan aka sami Manufar Ilmi ta Ƙasa a 1977, shekara guda bayan an soma shirin firamare kyauta ga kowa.

Babban ginshiƙinta shi ne dogaro da kai. Shugaba Julius Nyerere na Tanzaniya ya riga ya yi bayaninsa a 1967, inda ya nuna cewa yawancin yara a firamare za su tsaya, saboda haka kada a mai da ita tsani kawai na hawa sakandare, a sa ta wadatar da yaro ga zaman garinsu. Nijeriya ta bi nata tafarkin da tsarin 6-3-3-4 wanda aka soma a 1982, aka sa koyon aikin hannu a ƙaramar sakandare. Aka sayo injuna daga ƙasashen waje, amma a makarantu da dama suka yi tsatsa cikin akwatunansu, babu lantarki, babu malamin da zai sarrafa su.

Inda maganar ta fi zafi shi ne harshe. Yaro ɗan shekara shida yana zuwa makaranta da ƙidaya da tatsuniya da sunayen itatuwa, duk cikin harshen uwarsa. In aka tarye shi da Turanci tun ranar farko, an ɗora masa kaya biyu, ga koyon lissafi ga koyon harshen da ake faɗin lissafin da shi, har ya ɗauka abin da ya zo da shi daga gida ba sani ba ne. Farfesa Babs Fafunwa na Jami'ar Ife ya gwada abin a aikace tun daga 1970, a wata firamare da ke Modakeke. Aka koyar da yara dukan darussa da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuwa ya zama darasi guda a hannun ƙwararren malami. Da aka auna su da takwarorinsu, ba su gaza a Turanci ba, a wasu darussa ma sun fi.

Manufar 1977 ta karɓi rabin wannan darasi. Ta ce a fara da harshen gida ko na yankin, daga baya a koma Turanci, kuma kowane yaro ya koyi ɗaya daga Hausa da Igbo da Yarabanci ban da nasa. Masu suka suna da hujja mai nauyi: harsunan ƙasar nan sun haura 500, kuma malamin da ke aji a Jos ko Fatakwal yana iya samun harshe goma a gabansa. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a yi shekara shida na firamare da harshen gida, a 2025 kuma aka janye wannan, aka tsai da Turanci.

Sai dai wanda zai kafa hujja da Ife, ko don goyon baya ko don suka, ya kamata ya san abin da aka kashe a can. Kafin yaro ya buɗe littafin kimiyya da Yarabanci, sai da aka zaunar da masana suka ƙirƙiro kalmomin kimiyya da lissafi, aka rubuta littattafai aji bayan aji, aka sake horar da malaman da za su koyar da su, Gidauniyar Ford ta Amurka kuma ta taimaka da kuɗin aikin.