Ɗan Hausa: Malamin da Ya Fara Zama Almajiri

A ran murna irin wannan ya kamata mu tuna da waɗanda suka riga mu aikin makaranta. Za mu ba ku labarin ɗaya daga Kano, gama Hausar da mu ke ji a zangunanmu ita ce ya yi wa hidima.

Sunansa Hanns Vischer. An haife shi a Basel, ƙasar Suwizalan, cikin shekara ta 1876. Da fari ya zo ƙasar Hausa cikin aikin mishan na C.M.S., daga baya ya shiga aikin Gwamnati, aka kai shi Barno. Cikin 1906 ya ƙetare Sahara da ayari tun daga Tarabulus har Barno. Ya ji Hausa sosai, har mutane suka sa masa suna Ɗan Hausa.

Cikin 1909 ya buɗe makaranta a Nasarawa, bayan ganuwar Kano. Ya fara da koya wa malamai, sa'an nan 'ya'yan sarakuna, da masu koyon sana'a kamar dukanci da sassaƙa. Da Hausa a ke karatu, da baƙaƙen boko. Cikin 1912 ya tsara ƙa'idodin rubuta Hausa. Gidansa yana nan a Kano, ana ce da shi Gidan Ɗan Hausa.

Daga 1923 zuwa 1939 shi ne magatakardan kwamitin da ke ba Gwamnatin Ingila shawara a kan ilimi a ƙasashen da ta ke mulki. Ya rasu cikin 1945.

Ba mu ce aikinsa ba aibi ba. Yaran da suka sami shiga kaɗan ne, Turanci kuwa ya zo musu a makare, Arewa ta daɗe tana jin wannan. Amma ga abin koyi: bai tsaya gaban allo ba sai da ya zauna ya ji bakin mutane.

Mu fa? Yaro ya zo mana da Tem ko Moba ko Hausa, mu kuwa mu tarye shi da Faransanci kaɗai, sa'an nan mu ce ba shi da kai. Malamai, mu koyi harshen yaranmu tukuna. Allah ya taimake mu. Amin.