Ɗakin Ɗa: Gardamar 'Yan Kallo a Kan Wani Fim na Italiya

Jawabin da aka gabatar a zaman tattaunawa na ɗalibai masu sha'awar silima



An ɗora mini nauyin in tattara ra'ayoyin da jama'a suka bayyana ran Asabar da ta wuce, bayan mun kalli fim ɗin nan na Italiya mai suna La stanza del figlio, watau Ɗakin Ɗa. Zan yi ƙoƙari in faɗi maganar kowa bisa adalci, sa'an nan in ƙara da tawa, ko da yake ni ne ƙaramin cikinku.

Saboda waɗanda ba su sami zuwa ba, bari in taƙaita labarin. Nanni Moretti ne ya shirya fim ɗin a shekarar 2001, shi ne kuma ya fito a matsayin uban gida, Giovanni. A wannan shekara fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin silima na birnin Cannes a Faransa, wadda rabon Italiya da ita tun 1978. Giovanni likita ne na masu damuwar zuciya, irin likitan da yawancin maganinsa sauraro ne. Yana zaune a Ankona, a bakin teku, tare da matarsa Paola mai aikin buga littattafai, da 'ya'yansu biyu matasa, Irene da Andrea. Ofishinsa haɗe yake da gidan, ƙofofi kaɗai suka raba su.

Wata ranar Lahadi da safe ya shirya da ɗansa za su fita gudun motsa jiki. Sai wani majinyacinsa, Oscar, ya bugo waya a firgice yana roƙon ya zo, domin an gano masa ciwon daji. Giovanni ya fasa fita da ɗansa, ya tafi. Andrea kuwa ya bi abokansa nutso cikin teku, can ajali ya same shi. Duk sauran fim ɗin labarin mutum uku ne da aka bari a gida, da ɗaki guda wanda mai shi ba zai komo ba.

To, ra'ayoyin da na ji sun kasu kashi uku.

Kashi na farko, su ne mafi yawa, suka ce fim ɗin ba shi da armashi. Wani ɗan'uwa ya ce ya zauna fiye da sa'a ɗaya da rabi yana jiran a fara labari har aka kunna fitila. Ba mugu, ba ramuwa, ba wata waƙar da za ta ɗauke wa mutum nauyin zuciya kamar yadda muka saba gani a finafinan Indiya. Ban ga laifinsu ba, gama ido ya saba da abin da ya saba. Amma ina roƙonsu su tuna da cewa kusan sulusin farko na fim ɗin an ɓatar da shi ne wajen nuna mana ƙananan abubuwa: cin abinci tare, rera waƙa cikin mota, da rigimar wani dutsen tarihi da aka ce Andrea ya ɗauke daga makaranta. Da ba mu zauna da su cikin wannan kwanciyar hankali ba, da ba mu san girman abin da ya rushe ba. Mutuwar kanta ba a nuna mana ita ba. Abin da aka nuna shi ne yadda ma'aikata suka rufe akwatin gawa, suka liƙe shi da dalma, suka ɗaure da kusoshi, iyayen suna tsaye suna jin ƙarar. Na duba zauren nan a lokacin, ban ga mai motsi ba, har da waɗanda daga baya suka ce ba abin da ya faru.

Kashi na biyu suka ce mutanen nan ba su da tawakkali. Wata 'yar'uwa ta yi magana mai kyau a kan wannan, ta ce da a ce sun san ƙaddara da wahalarsu ta ragu. Ta kawo misalin yadda Giovanni ya fito daga coci yana fushi da wa'azin limamin, da yadda ya je kantin kayan nutso yana tambayar yadda na'urorin suke aiki, ko zai gano inda aka yi kuskure. Na yarda da rabin maganarta. Lalle Moretti ya zana mana gida wanda addini ba shi da gurbi babba a cikinsa, bai kuwa ɓoye abin da wannan ya jawo musu ba. Sai dai kada mu ɗauka imani yana hana zafin rashi. Mun karanta a tarihi cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Har ila yau, mu tambayi kanmu: bayan an tashi daga zaman makoki, an yi sadakar uku da ta bakwai, masu ta'aziyya sun watse, wa yake komawa ya duba uwar da take shiga ɗakin ɗanta tana shinshina tufafinsa? Paola ta yi haka a fim, kuma na tabbata akwai masu yin haka a unguwanninmu, sai dai ba su faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kashi na uku ya fi fitowa daga bakin ma'aikatan da ke cikinmu. Ɗaya daga cikinsu ya ce darasin a fili yake: aiki ne ya raba uba da ɗansa, saboda haka kowa ya tsare ranar hutunsa. Wani kuma ya tashi ya ce a'a, likitan da ya ƙi amsa kiran majinyaci ai ya ci amana. Nan gardama ta yi zafi har Shugaba ya tsawatar.

A nan ne nake so in faɗi nawa ra'ayin. A ganina Giovanni bai yi laifi ba da ya amsa kiran nan. Ya yi abin da kowane ma'aikaci mai mutunci zai yi, kuma da ya yi haka sau ɗari a wasu ranakun Lahadi, da ba abin da zai faru. Kuskurensa ya zo ne daga baya, sa'ad da ya mai da baƙin cikinsa shari'a, ya shiga neman wanda zai ɗora wa laifi. Kun ga yadda yake ta sake tsara safiyar nan a zuciyarsa, yana ganin kansa ya ƙi zuwa, yana gudu kafaɗa da kafaɗa da ɗansa. Kun ga yadda yake mai da waƙa guda baya, yana maimaita 'yan daƙiƙoƙi kaɗan, kamar mai son ya juya lokaci da yatsa. Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce. Wannan ƙeyar ce ya yi ta juyawa yana son ya gani, har ya kasa ganin waɗanda suke gabansa. Ya tsani Oscar, mutumin da ba abin da ya yi illa neman taimako. Ya kasa sauraron majinyatansa har ya rufe ofis. Ya tsaya a kicin yana nuna wa matarsa kowane kofi mai tsaga da butar shayi da aka liƙe. Ita kuwa Irene, da ba mai lura da ita, sai ta huce a filin ƙwallon kwando, ta yi faɗa aka dakatar da ita.

Me ya fara kwance wannan ƙulli? Wata wasiƙa ce ta iso daga wata yarinya, Arianna, wadda ta san Andrea a lokacin hutu, ba ta kuwa ji labarin rasuwarsa ba. Daga baya ta zo gidan da hotunan da ya ɗauka na kansa a cikin ɗakinsa. Iyayen suka ga ashe ɗansu yana da wata rayuwa da ba su sani ba, wadda ba ta rataya ga shawarar da uba ya yanke ran Lahadi ba. Da suka ji tana kan hanyar Faransa da wani saurayi abokin tafiyarta, suka ce za su ɗan rage musu hanya. Rage hanya ta zama tafiyar dare guda, har gari ya waye musu a kan iyaka. Fim ya ƙare su uku suna tafe a bakin teku, kowa da ɗan tazararsa. Ba a ce mana sun warke ba. Abin da muka gani shi ne, karon farko tun rasuwar, sun yi wa wani hidima tare, kuma uban ya kwana yana tuƙi ba ya tuhumar kowa.

Ya 'yan'uwana, yawancinmu nan da shekara biyu ko uku za mu kama aiki. Za a tura mu garuruwan da ba mu da dangi, mu zauna a gidajen haya mu da iyali kaɗai, kamar mutanen Ankona ɗin nan. Wata rana aiki zai kira mu a lokacin da gida yake bukatarmu, kuma dole mu zaɓi ɗaya ba tare da sanin gaibu ba. Mu yi zaɓin da gaskiya. In Allah ya jarrabe mu da rashi, kada mu ƙara wa kanmu azabar zama alƙalai a kan abin da ba mu da iko da shi. In kuwa abokin aikinmu ne aka jarraba, mu koma gidansa bayan arba'in, lokacin da tabarmi suka naɗe, ƙofa ta yi shiru.

Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa. Inda na rage wa wani maganarsa, ya yafe mini, fili kuma nasa ne ya gyara.