AMSAR WASIƘUNKU: YADDA AKE TSABTACE NA'URAR NUMFASHI TA MASU MINSHARI

 

Wasiƙarmu ta farko a wannan mako ta fito ne daga wani bawan Allah mai sayar da hatsi a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Bici. Bayan gaisuwa, ya ce mahaifinsa ya daɗe yana fama da minshari mai tsanani, har numfashinsa yakan ɗauke cikin barci ya farka a firgice. Da aka kai shi asibiti a Kano, likita ya auna barcinsa, ya ce a nemo masa na'urar da ake kira CPAP. 'Ya'yansa suka haɗa kuɗi suka saya, tsoho ya ji daɗinta ƙwarai. To yanzu wata huɗu ke nan, takunkumin da yake sawa a hanci ya fara wari, ƙuraje sun feso masa a gefen hanci, ga mura kullum, har ya ce a ɗauke masa ita. Wani maƙwabci ya ce a jiƙa kayan cikin ruwan Hypo a shanya a rana. Shi ne yake tambaya, shin a yi haka, ko kuwa na'urar ce ba ta karɓe shi ba?

To Malam, mun gode da wasiƙa, Allah Ya saka muku da alheri bisa kula da mahaifi. Amsa a taƙaice ita ce, kada ku jiƙa, kada kuma ku bar Baba ya ajiye na'urarsa. Alamun da ka lissafa sun fi kama da na kayan da ba su samun wanki yadda ya kamata. Amma bari mu fara da bayanin ciwon, saboda masu sauraron da ba su san shi ba.

Idan mutum ya yi barci, naman maƙogwaro yakan saki. A wurin wasu mutane, musamman masu ƙiba da masu kaurin wuya, sai harshe da naman su koma baya su toshe hanyar iska. Numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, sai mutum ya zabura ya ja iska da ƙarfi, ya koma barci bai ma sani ba. Likitoci na ɗaukar abin ya yi tsanani idan hakan ya kai sau 30 cikin awa ɗaya. Ku lissafa, a barcin awa 6 sau 180 ke nan. Shi ya sa mai wannan ciwo yake tashi da ciwon kai da gajiya, ya wuni yana gyangyaɗi a gona ko a rumfar kasuwa. In aka bar shi, yana ƙara haɗarin hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Ita wannan na'ura, wani likita ne a birnin Sidni na ƙasar Ostareliya mai suna Colin Sullivan ya fara gwada ta a shekarar 1980, ya bayyana wa duniya sakamakonsa a 1981. Aikinta shi ne ta riƙa hura iska a hankali ta cikin mesa zuwa hanci, ƙarfin iskar ya riƙe maƙogwaro a buɗe har gari ya waye. Ga inda nake so ku kasa kunne, jama'a. Wannan na'ura ba tukunyar iskar asibiti ba ce. Iskar ɗakinka take zuƙa ta tura maka cikin ƙirji dare guda cur. Saboda haka duk abin da ke cikin ɗakin, da duk abin da ya taru a cikin mesa da takunkumi, shi kake shaƙa.

ABIN DA ZA A YI KULLUM

Da Baba ya tashi sallar asuba, a zare wayar na'ura daga wuta. A cire robar nan mai laushi da ke manne wa fuska, a wanke ta da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu marar ƙamshi, a ɗauraye sosai, a ajiye bisa tsumma mai tsabta a inuwa. Gumi da maiƙon fuska su ne ke taruwa a jikinta su kawo wari da ƙuraje. In na'urar tana da ɗan tankin ruwa, a zubar da ruwan da ya kwana, a bar tankin a buɗe ya bushe. Kada a ƙara sabon ruwa a kan tsoho.

Da dare kuma, ya wanke fuskarsa kafin ya sa takunkumi. Na san lokacin hunturu ba mai son kwanciya bai shafa mai ba, amma man basilin da ire-irensa suna lalata robar, kuma suna sa ta zame iska ta riƙa fita. A shafa mai a hannu da ƙafa, a bar inda takunkumi zai zauna.

ABIN DA ZA A YI DUK MAKO

Ku ware rana guda, ko Juma'a da safe, don kada a manta. A sami roba ko kwano wanda ba a wani aiki da shi sai wannan. A kwance mesa da takunkumi da maɗaurin kai da tankin ruwa, a wanke da ruwan ɗumi da sabulun nan. A ɗura ruwan sabulu cikin mesa, a toshe bakunan da hannu a jijjiga, sannan a ɗauraye har kumfa ya ƙare. A rataye ta a igiya, bakunanta biyu suna kallon ƙasa, ruwa ya tsiyaye.

A cikin ɗaki za a shanya, ba a tsakar gida ba. Rana tana sa roba ta ƙage ta tsage, ga ƙurar hunturu da ta sussuka da ke tashi a wannan lokaci. Da damina kuwa kaya ba su saurin bushewa, sai a yi wankin da sassafe, don mesar da aka mayar da danshi a cikinta ita ce gidan fumfuna.

Shi kansa injin ba a wanke shi. A goge bayansa da tsumma mai ɗan laima kawai, ruwa kada ya shiga cikinsa.

Game da shawarar maƙwabcinku, Hypo da Izal da Dettol da sifirit da duk wani abu mai ƙarfin wari, ba wanda ya dace da waɗannan kaya. Suna cinye robar, kuma ragowar warinsu huhun Baba zai tafi. Haka nan kada a tafasa su a tukunya.

FILTA

A baya ko a gefen na'urar akwai wani ɗan murfi, a ƙarƙashinsa akwai filta. Duk mai babur ko injin ban-ruwa ya san abin da ke faruwa in filta ta toshe: inji ya yi ta nishi ba ƙarfi. To haka ita ma. Filta iri biyu ce. Akwai mai kama da soso, wadda ake ɗaurayewa da ruwa a bari ta bushe sarai kafin a mayar. Akwai kuma fara mai kama da takarda ko auduga, wannan ba a wanke ta, in ta yi datti canja ta ake yi. Takardar da ta zo da na'urar za ta nuna irin taku, a ba wani ɗan makaranta ya karanta muku. Amma ku sani, kwanakin da masu ƙera ta suka rubuta ba da ƙurar ƙasar Hausa suka auna ba. Daga Nuwamba zuwa Maris, a duba filta duk mako, da ta canja launi a yi abin da ya kamata. In an shiga Kano sayayya, a haɗo da filta uku ko huɗu a ajiye. Kada kuma a yanko katifa ko tsumma a cusa a madadinta.

RUWAN TANKI

Amfanin tankin nan shi ne ya jiƙa iskar don kada hanci da maƙogwaro su bushe. Ruwan da ya fi dacewa shi ne tataccen ruwan da aka samo daga tururi, a tambaya a manyan kyamis. In bai samu ba, a tafasa ruwan sha mai kyau a bari ya huce. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta raba ruwan rijiya ko na burtsatse da gishirin da ke cikinsa, shi ya sa za ku ga wani farin abu yana kama gindin tankin kamar yadda yake kama butar shayi. In ya kama, a zuba farin khal, wanda wasu ke kira binega, kashi 1 cikin ruwa kashi 10, a jiƙa tankin, a wanke a ɗauraye sosai. Ina jan kunne ƙwarai, kada a je wurin mai cajin batir a sayo ruwan batir, domin ana iya samun asid a ciki. Kada a ɗiga turare ko man zafi ko wani magani a tankin. Kuma duk sanda za a ɗaga na'urar, a fara zubar da ruwan, don kada ya gangara cikin inji.

ISKAR ƊAKI

Malam, tunda kai mai hatsi ne, wannan ya shafe ka kai tsaye. Da yawa daga cikinmu mukan jibge buhunan wake da masara a ɗakin kwana, mu jefa musu ƙwayar maganin ƙwari. Iskar da wannan ƙwaya ke fitarwa guba ce mai kisa ko ga mai lafiya, kuma filta ba ta tare ta. Hatsin da aka sa wa magani, da takin zamani, da maganin feshi, da jarkar fetur, duk a fitar da su daga inda mutum yake kwana. Janareta a ajiye shi a waje, nesa da taga da ƙofa, don gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, filta kuma ba ta riƙe ta. Maganin sauro na kunnawa da turaren wuta da kaskon garwashi, a bar su. A ɗaura wa Baba gidan sauro ya fi.

Na'urar kuma kada a ajiye ta a ƙasa inda ƙura take. A ɗora ta a kan ɗan tebur ko kujera, ta ɗan yi ƙasa da kan mai barci, kada labule ko bargo ya rufe inda take jan iska. Da rana a lulluɓe ta da ƙyalle, mesar kuma in ta bushe a sa a jaka, saboda kyankyaso da ɓera.

Batun wuta, kun san halin da ake ciki a karkara. A haɗa ta da sitabilaiza, a zare ta in an gama. Masu amfani da sola da batir, ku sani abin da ya fi shan wuta shi ne mai ɗumama ruwan tanki. In batir ba ya kaiwa asuba, kashe wannan sashe ya fi kwana ba na'ura.

Abu biyu kuma. A jikin takunkumi akwai wasu 'yan ƙananan huji da iska ke fita. Ba lalacewa ba ce, ta nan numfashin da aka fitar yake ficewa, kada a liƙe su da salatif. In kuwa iska tana fita ta gefe tana hura ido, robar ce ta tsufa, sai a canja, ɗaure maɗauri tamau ba abin da zai ƙara sai gyambo a karan hanci.

Wanda ya sayi tasa ta hannu ko aka aiko masa daga waje, ya duba suna. A watan Yuni na 2021 kamfanin Philips ya yi kiran a mayar da miliyoyin na'urorinsa na wasu samfura da aka ƙera kafin ƙarshen Afrilun wannan shekara, saboda soson rage ƙara da ke cikinsu yana iya ruɓewa mutum ya shaƙi ɓurɓushinsa, kuma zafi da danshi suna ƙara saurin ruɓewar. Mai irin wannan, ko wanda ya ga baƙin gari a cikin mesa, ya kai wa likitansa ya duba.

To Malam, ku bi wannan tsari na mako biyu. In ƙurajen da murar ba su lafa ba, ko aka ga zazzaɓi da tari, a koma asibiti a tafi da na'urar. A lallashi Baba ya ci gaba da sawa, domin ita ba ta warkar da ciwon, riƙe shi take yi. In ya ajiye ta, ba da jimawa ba abin zai dawo.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce daga wajen Badume. Ta ce maigidanta direba ne, yana jigila a hanyar Kano zuwa Katsina, minsharinsa ya hana kowa barci, kuma ya taɓa faɗa mata gyangyaɗi na kama shi a kan sitiyari. Akwai na'urar wani kawunta da ya rasu, shin a ba shi ya gwada?

Malama, Allah Ya jiƙan kawu. Amma kada a ba shi haka kawai. Ƙarfin iskar kowace na'ura likita ne ke saita shi daidai da maƙogwaron mai ita, kamar tabarau ne, na wani ba ya yi wa wani. Takunkumi da mesa kuma ba a aron su, ana iya ɗaukar cuta. Ba kuma kowane minshari ne wannan ciwo ba, sai an auna. Abin da ya fi gaggawa shi ne gyangyaɗin nan, don ran fasinja da nasa ne a hannunsa. Ki roƙe shi ya je babban asibitin Bici, in da buƙata za su tura shi Kano, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ku tafi tare in da hali, tunda ke ce kike ganin yadda numfashin yake ɗaukewa, shi bai sani ba. In likita ya ce yana buƙatar na'ura, sai a kai masa ta kawun ya duba ko za ta yi, a sayi sabon takunkumi da mesa da filta. Kafin nan ya riƙa kwanciya ta gefe maimakon rigingine, ya guji ƙwayar barci da taba, in barci ya kama shi a hanya ya faka ya huta. Rigakafi ya fi magani.

To jama'a, a nan lokaci ya cim mana. Sauran wasiƙun da ba mu kai gare su ba, ku yi haƙuri, suna nan a ajiye sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Marasa lafiya na gida da na asibiti Allah Ya ba su sauƙi.